Gwanin Saye: Mutumin da Ke Hana Injin Masana'anta Tsayawa

A watan Maris na 2016 aka kunna injinan kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa a jihar Kano. An gina shi ne domin ya riƙa niƙa tan 1,200 na ɗanyen tumatir a kowace rana, kuma an kafa shi a tsakiyar gonakin noman rani, yankin da aka saba ganin tumatir yana ruɓewa a bakin titi idan kaka ta yi. Ba a cika wata uku ba injinan suka yi shiru. Lafiyarsu ƙalau, ma'aikata ma suna nan. Tsutsar nan ta Tuta absoluta, wadda jaridu suka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir, ita ce ta cinye gonaki, kwandon tumatir ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, kamfanin ya rasa abin da zai zuba wa injinsa.

Kowace masana'anta a duniya tana rayuwa ne da wannan fargaba. Komai girman gini, komai tsadar injin, idan abin da za a sarrafa bai iso ba, ko ya iso a makare, ko ya iso gurɓatacce, ko ya iso da farashin da ya cinye riba, to ranar an biya albashi ne a banza. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su hana zuwan wannan rana. Su ne jami'an sashen sayayya, kuma a ganina suna cikin ƙwararrun da aka fi tauye wa haƙƙin yabo a harkar masana'antu.

Ka tambayi ɗalibin da ke shekarar ƙarshe a jami'a wane aiki yake so a babban kamfani, zai ce maka akanta, ko injiniya, ko sashen talla. Da wuya ka ji ya ce sashen saye. Wasu ma suna ɗaukar aikin tamkar na ɗan aike: a rubuta maka abin da ake so, ka je ka sayo, ka kawo rasit. Wanda ya taɓa riƙe cefanen babban gida ya san ba haka abin yake ba. Sai ya san abin da ke cikin sito da ranar da zai ƙare, ya san watan da gero ke araha da watan da yake hawa, ya san mai naman da ba ya tauye awo, ya kuma san yadda zai yi idan baƙi suka sauka ba sanarwa. To ka ninka wannan sau dubu ɗari, ka sa kuɗin ya zama biliyoyin naira, ka sa wasu kayan su taso daga Sin ko Jamus ta teku, ka sa ma'aikata dubu suna jiran su. Aikin ke nan.

Lissafi kaɗan zai nuna dalilin da ya sa masu kamfani ke sa wa wannan sashe ido. A ɗauka, don misali kawai, kamfani ya sayar da kaya na naira ɗari. Naira sittin ta tafi wajen sayen ɗanyen kaya da buhuna da mai da kayan gyara, talatin ta tafi albashi da sauran hidimomi, goma ta rage riba. Idan jami'in saye ya rage kashi biyar cikin ɗari na waccan sittin ɗin, ya tsira da naira uku, riba ta koma goma sha uku. Kafin sashen talla ya ƙara wa kamfani irin wannan riba sai ya yi gumi wajen neman sababbin masu saye, ya kashe kuɗin talla, ya yi gogayya da sauran kamfanoni a kasuwa. Shi kuwa mai saye ya samo ta ne a kan teburi, da takarda da biro da sanin abin da yake yi. A yawancin masana'antu kuɗin da ke bi ta hannun sashen sayayya ya fi na kowane sashe yawa.

Matashin da ya shiga wannan aiki bayan ya gama yi wa ƙasa hidima, abin da zai fara koyo shi ne bin takarda, kuma bai kamata ya raina shi ba. Wani sashe zai rubuto buƙatarsa. Jami'in saye zai nemi farashi daga masu kawo kaya, galibi aƙalla uku, ya jera su ya kwatanta. Idan an amince, sai a fitar da takardar oda, wadda 'yan kwangila suka fi sani da LPO. Kaya su iso, mai sito ya ƙirga ya duba ya sa hannu. Sashen kuɗi ba zai biya ko kwabo ba sai takardu uku sun yi daidai da juna: ta oda, ta karɓar kaya, da ta neman biya. Manyan kamfanoni suna yin duk wannan ne a kan manhajar kwamfuta, kuma SAP ce aka fi cin karo da ita. Hikimar tsarin a fili take. Wanda ya nemi kaya daban, wanda ya saya daban, wanda ya karɓa daban, wanda ya biya daban, don kada mutum ɗaya ya zama shi ne mai yanka, shi ne mai fiɗa, shi ne mai rabo.

Wata shida ya isa mai hankali ya ƙware a wannan. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin kayan da kansa.

Ɗauki kamfanin siminti. Masana'antar Dangote da ke Obajana a jihar Kogi tana iya fitar da fiye da tan miliyan 16 a shekara, ga ta BUA a Sakkwato, ga ta Ashaka a Gombe. Mutumin da ke waje yana ganin siminti dutse ne kawai ake niƙawa. Lallai dutsen farar ƙasa ne gundarin abin, kuma shi ya sa ake kafa irin waɗannan kamfanoni kusa da inda yake. Amma akwai tanderun da ke juyawa dare da rana, zafinsa ya kai digiri 1,450, kuma yana cin iskar gas ko kwal ba ƙaƙƙautawa. Cikinsa an shimfiɗe shi da wani bulo na musamman mai jure wuta, wanda ke cinyewa a hankali har sai an sauya shi. Akwai ƙwallayen ƙarfe da ke niƙa a cikin injin. Akwai sinadarin jibsam da ake ƙarawa kaɗan domin kada siminti ya daskare tun magini bai gama aiki ba. Akwai buhuna miliyoyi, da tayoyin manyan motoci, da man giris, da bel ɗin da ke jan dutse daga mahaƙa. Idan tanderu ya mutu saboda bulo bai iso ba, ba a tayar da shi kamar yadda ake tayar da janareta. Sai ya huce, a shiga a gyara, a sake hura shi sannu a hankali, kwanaki sun tafi, kuma kowace rana asara ce ta kuɗin da zai gina makarantu.

Saboda haka gwanin saye ba ya zaman ofis. Yana sa hular kwano da takalmin aiki ya shiga cikin ƙura. Yana abota da injiniyoyi da makanikai da mai sito, yana tambaya ba ya jin kunya: wannan boris ɗin me ya sa sai na wannan kamfanin? In an sa na wancan me zai faru? Wata nawa yake yi kafin ya mutu? Wani lokaci zai gano injiniya yana da gaskiya, babu madadi. Wani lokaci kuma zai gano sabo ne kawai, wani ya rubuta sunan kamfanin a takarda shekaru goma da suka wuce, kowa ya ci gaba da kwafa. Iya rarrabe waɗannan biyun, ba tare da ya ɓata wa injiniya rai ba, yana cikin abubuwan da suka fi burge ni a wannan sana'a. Mutum ne da ba shi ya ƙera injin ba, ba shi ke tuƙa shi ba, amma ya koyi harshen masu yi har suna jin maganarsa.

Daga nan sai babban darasi, wanda ke raba ɗan koyo da gwani: farashin da ke kan takarda ba shi ne kuɗin kaya ba. Mai kawo kaya na farko ya ce naira miliyan goma, na biyu ya ce goma sha biyu. Ɗan koyo zai yi murna ya zaɓi na farko. Gwani zai tambaya: na farkon wata nawa yake yi, na biyun fa? In na farkon ya karye da tsakar dare wa zai zo, kuma daga ina? Wa zai biya kuɗin mota? Yaushe ake son kuɗi, kafin kaya su zo ko bayan kwana sittin? In ya zo da aibi za a karɓa a mayar? Sau da yawa idan aka tara duk wannan sai ka ga mai goma sha biyun ne mai araha. Hausawa sun riga sun faɗa, sayen nagari mai da kuɗi gida, sai dai a kamfani ba ya isa ka faɗi karin magana. Sai ka zo da alƙaluman da za su gamsar da shugaban sashen kuɗi, wanda idonsa ke kan miliyan biyun da ke tsakani.

Idan kayan daga waje za su zo, lissafin ya ƙara tsawo. Akwai ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms, waɗanda ke fayyace daidai wurin da alhakin kaya ke barin wuyan mai sayarwa ya koma wuyan mai saye. In an rubuta FOB, mai sayarwa ya fita da zarar an loda kaya a jirgin ruwa, kuɗin jirgi da inshora naka ne. In an rubuta CIF, shi zai biya jirgi da inshora har tashar da aka ambata. Haruffa uku ne kawai, amma rashin fahimtarsu ya sa kamfanoni sun yi asarar da ba ta faɗuwa. A Najeriya kuma sai an buɗe Fom M ta hannun banki kafin a taso da kaya, sai kwastan sun fitar da takardar PAAR, wasu kayan sai da shedar hukumar SON ko ta NAFDAC. Kwantena ta sauka tashar Apapa ko Tin Can, in takarda ɗaya ta yi gardama sai kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum. Bayan an fito da ita, ga tafiyar kilomita kusan dubu zuwa Kano. Gwanin saye yana ƙirga kwanakin nan da baya da baya: in ana son abu a watan Oktoba, a watan Mayu ko Yuni yake sa oda.

Sannan ga naira. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji. Dalar da ake samu a hukumance a kan naira 460 da ɗoriya ta haura naira 1,400 a farkon 2024. Duk kamfanin da ya karɓi kaya bashi da dala ya wayi gari bashinsa ya ninka sau uku. Kafin nan ma, tun 2015 bankin ya hana wa wasu kayayyaki 41 dalar gwamnati, hanin da bai janye ba sai a watan Oktoba na 2023. Masu niƙa fulawa, waɗanda kusan duk alkamarsu daga waje take zuwa, sun sha nasu tun a watan Fabrairu na 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashinta a duniya. A irin waɗannan shekaru jami'in saye yana karanta labaran duniya ne kamar yadda manomi ke duban hadari. Jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suwez na kwana shida a watan Maris na 2021 labari ne ga sauran jama'a. Shi kuwa tambayar da ya yi wa kansa ita ce ko kwantenarsa na cikin jiragen da suka yi layi a baya.

Ciniki shi ne ɓangaren da mutane suka fi hasko wa idan an ambaci wannan aiki, kuma a nan ne aka fi yi masa gurguwar fahimta. Ana zaton gwanin ciniki shi ne mai kaifin baki, mai taurin kai, wanda zai yi ta cewa a rage har mai kaya ya gaji ya sallama. A masana'anta an gama rabin ciniki tun kafin a zauna. Idan za a sayi buhunan siminti miliyan ashirin, gwani ya riga ya san nauyin robar da ke cikin buhu ɗaya, ya san farashin irin wannan roba a kasuwar duniya da kuma a kamfanin Indorama da ke Eleme, ya kimanta kuɗin wuta da na ma'aikata da na ɗab'i, ya bar wa mai buhu ribar da ta dace. Da mai buhu ya ce roba ta yi tsada don haka zai ƙara kashi ashirin, sai ya buɗe takardarsa cikin ladabi ya nuna masa cewa tsadar robar ba ta kai ta ɗaga buhu da fiye da kashi takwas ba. Babu faɗa, babu ɗaga murya. Mai buhu ya gane da wanda yake magana, daga ranar kuma ba zai sake zuwa da farashin gwaji ba.

Abin da ya fi wannan wuya shi ne sanin inda za a tsaya. Babban kamfani yana da ƙarfin da zai matse ƙaramin ɗan kwangila har ya karɓi farashin da ba zai fitar da shi ba. Ɗan koyo zai ga ya ci nasara. Bayan wata shida sai buhu ya fara fashewa a hannun 'yan dako saboda an rage masa kauri, ko mai kawowa ya rufe shago, a koma neman wani cikin gaggawa da kuɗi ninki. Gwani yana son mai kawo masa kaya ya ci riba, ya rayu, ya sayi sabon injin. Yana kuma bin sashen kuɗi da kansa don a biya mutum a ranar da aka yi alkawari, domin ya san ranar da kaya suka yi ƙaranci a kasuwa, wanda ke biya a kan lokaci shi ake fara loda wa mota.

Ba kowane kaya ake ba wa lokaci ɗaya ba. A 1983 wani masani mai suna Peter Kraljic ya wallafa wata maƙala a mujallar Harvard Business Review, wadda har yau ake koyar da ita ga duk mai shiga wannan fage. Ya ce a auna kowane kaya da tambaya biyu: nawa yake ci a kuɗin kamfani, kuma yaya wahalar samunsa take? Takardar rubutu da sabulun wanke hannu ba su da tsada, ko'ina akwai su, kada a ɓata musu lokaci. Abin da ke cin kuɗi da yawa amma masu sayarwa sun yi yawa, a nan ake baje kolin ciniki. Abin da ke da tsada kuma masu yin sa ƙalilan ne, wannan zumunci ake ƙullawa na shekaru. Mafi haɗari shi ne na huɗu: ɗan ƙaramin abu mai araha wanda kamfani ɗaya tak ke yi, wanda ba wanda ke tunawa da shi sai ranar da babu.

Kamfanin Toyota ya ga wannan rana. Shi ne ya shahara da tsarin rashin tara kaya a sito, inda kayan haɗa mota ke isowa daidai lokacin da za a ɗaura su. Ranar 1 ga Fabrairu, 1997, gobara ta cinye wata masana'antar kamfanin Aisin a garin Kariya na Japan, wadda ke ƙera kusan dukkan wani ɗan bawul na birki da motocin Toyota ke amfani da shi. Abu ne da za ka riƙe a tafin hannu, amma babu motar da za ta fita ba shi. Layukan haɗa mota suka tsaya, masu sharhi suka ce sai an yi makonni. Cikin kusan mako guda aka koma aiki, domin kamfanoni da dama da ke hulɗa da Toyota da Aisin sun karɓi zanen bawul ɗin suka shiga ƙera shi dare da rana, har da kamfanin Brother da aka sani da keken ɗinki. Ba a tsaya jayayyar farashi ba kafin a fara. Wannan amincin ba a ranar gobara aka gina shi ba. Shekaru aka yi ana ƙulla shi, kuma mutanen sashen saye ne maƙullansa.

A ƙasarmu akwai wani fage na wannan sana'a da ke ƙara faɗi, tun da tsadar dala ta tilasta wa kamfanoni neman abin sarrafawa a cikin gida. Masu yin abincin yara da na kaji da man girki da madara suna buƙatar masara da waken soya da dawa da gyaɗa da riɗi da nono, kuma mafi yawansu daga Arewa suke fitowa. Sayen tan dubu goma na masara ba shiga kasuwar Dawanau ko Saminaka da kuɗi a aljihu ba ne. Kamfani yana son danshin da bai wuce kashi 13 ko 14 cikin ɗari ba, don kada ta yi fumfuna a sito. Yana gwada gubar aflatoksin da ke fitowa daga wannan fumfunar, wadda ido ba ya gani amma take illa ga hanta. Yana saye da kilo, kasuwa kuwa ta saba da buhu da tiya. Sai an san lokacin da za a shiga kasuwa da kaka ba tare da an tayar da farashi da kai ba, sai an san dillalin da ba ya zuba tsakuwa a gindin buhu, sai an san yadda ake ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar manoma tun kafin shuka, da yadda za a yi idan farashin kasuwa ya ɗara na yarjejeniya manomi ya fara waige. Matashin da ya tashi a Funtuwa ko Giwa ko Biu, yana jin harshen manomi, ya san ladabin zama gaban sarkin kasuwa, sannan ya iya Excel da rubuta rahoto da Turanci mai kyau, yana riƙe da abin da kamfanonin Legas ke nema da fitila. Abin takaici, da yawa daga cikin masu wannan baiwa ba su san ana ɗaukar aiki a kanta ba.

Yanzu sai maganar da ba ta kaucuwa. Duk inda kuɗi ke wucewa da yawa, jaraba tana nan tsaye a bakin ƙofa, kuma babu sashen da take ziyarta kamar wannan. Ba ta zuwa da sunan cin hanci. Tana zuwa ne da ragon layya da aka ɗaure a ƙofar gida ba a san wanda ya kawo ba, da ambulan na gaisuwa ranar suna, da tayin kujerar Umara. Tana zuwa da murya mai daɗi: "Ranka ya daɗe, naka kason yana nan, ba wanda zai ji." Wadda ta fi wuya kuwa daga gida take fitowa. Kawu ya kira ya ce ɗansa ya yi rajistar kamfani, ai yanzu Allah ya kai namu wurin, a taimaka masa da 'yar kwangila. Ƙin karɓar kuɗin baƙo abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da cewa kawu a'a.

Kamfanoni masu tsari suna da rajistar da ake rubuta duk kyautar da aka kawo, suna da dokar cewa ka bayyana idan kana da dangantaka da mai neman kwangila ka fita daga zaman, suna kuma sauya wa jami'ai kujera lokaci zuwa lokaci. Duk waɗannan suna taimakawa, amma ba su ne ke tsare mutum ba. Wanda ya karɓa sau ɗaya ya sayar da bakinsa: gobe idan mai kaya ya kawo gurɓatacce ba shi da ƙarfin mayar masa. Kuma duniyar masu kawo kaya ƙarama ce, suna hira da juna, kafin shekara ta zagayo kowa ya san wane ne ake iya saye da kuma nawa. Haka nan suke sanin wanda ba a iya saye, kuma abin mamaki shi suka fi so, domin a wurinsa mai kaya nagari ya san ba za a kayar da shi ta bayan gida ba. Na fi girmama jami'in da ya riƙe odar biliyoyi shekara ashirin ya yi ritaya a gidan da albashinsa ya gina fiye da masu manyan muƙamai da yawa. Shi kawu ma, hanyar da ta dace ita ce a nuna wa ɗansa yadda ake rajista cikin masu kawo wa kamfani kaya, ya shiga layi, wasu su duba takardunsa.

Hanyar shiga ba ta da sarƙaƙiya. Ba a keɓe wa digiri ɗaya ba: mai injiniyanci yana da fifiko wajen sayen kayan injin, mai ilimin noma wajen hatsi, mai tattalin arziki ko akanta ko harkokin kasuwanci wajen lissafi, mai shari'a wajen rubuta yarjejeniya. Kwalejin Fasaha ta Kaduna ta daɗe tana koyar da fannin saye da adana kaya, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi suna cikin jami'o'in da aka kafa wa cibiyoyin horo kan sayen kaya da tallafin Bankin Duniya. Manyan kamfanoni kan ɗauki sababbin masu digiri su zagaya da su sassa na shekara ɗaya ko biyu kafin a ajiye kowa a inda ya dace. Bayan an fara aiki sai a nemi shedar ƙwarewa: akwai cibiyar CIPSMN ta Najeriya da dokar 2007 ta kafa, akwai kuma CIPS ta Birtaniya, wadda tushenta ya koma 1932, kuma shedarta tana ci a ƙasashe da yawa. Ana iya karatun ana aiki. Daga ƙaramin jami'i mutum zai riƙe rukunin kaya guda, kamar buhuna ko makamashi, daga nan manajan sashe, daga nan shugaban duk harkar samo kaya da jigilarsu.

Ba nan tsanin ya ƙare ba. Tim Cook ya yi shekara 12 a IBM yana harkar samarwa da rarraba kaya, daga baya ya koma Compaq yana kula da sayen kayan haɗa kwamfuta, kafin Steve Jobs ya ɗauko shi zuwa Apple a 1998, lokacin da kamfanin ke fama da kaya jibge a sito. Ya rage yawan masu kawo kaya, ya rufe ɗakunan ajiya, ya mayar da kayan da ke zaune daga na kusan wata guda zuwa na 'yan kwanaki. A 2011 aka naɗa shi shugaban kamfanin baki ɗaya. Bai ƙirƙiro waya ba, amma shi ya tabbatar miliyoyinta suna isa kasuwa a ranar da aka sanar. Wanda ya yi shekaru a sashen saye ya san kuɗin kowane ƙusa a kamfani, ya san injin, ya san banki, ya san kwastan, ya san mutane, kuma da wuya a sami wani sashe da ke haɗa wa mutum waɗannan duka.

Ɗalibin da ke shirin fita horon sanin makamar aiki na wata shida, ko wanda za a tura kamfani yi wa ƙasa hidima, ya roƙi a ajiye shi a sito ko a sashen sayayya, ko da kuwa abokansa suna rububin ofis mai sanyi. Ya koyi ƙirga kaya, ya koyi karanta takardar oda, ya zauna a bayan ɗaki ranar da ake ciniki ya saurara. Iyaye da malamai kuma su riƙa ambata wa yara wannan aiki idan ana lissafa ayyukan da ake alfahari da su, musamman yaran da aka ga suna da kan lissafi da riƙon amana.